Burodin da aka tsoma a romo, da sauran sunayen cin hanci a Turanci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Ni tsohon malamin Turanci ne, shekara 31 na yi ina riƙe da alli kafin in ajiye. Abin da ya sa na ɗauki biro yau wata 'yar kalma ce mai harafi uku da jikana ya kawo mini, ita kuma ta tono wani ƙorafi da na daɗe ina haɗiyewa game da fassarar labarai a jaridunmu na Hausa, har da taku.

Yaron yana shirin jarrabawar shiga jami'a. Wata Asabar da hantsi ya same ni a zaure da takardar tambayoyin gwaji, ya nuna mini wata jimla da ke cewa ƙarin albashin da wani kamfani ya yi wa ma'aikatansa “a sop” ne kawai. Ya ce, “Tsoho, masu buga takardar nan sun ci harafi ɗaya, sabulu suke nufi.” Na ce sabulun me kuma a maganar albashi? Ya ce ai don a wanke wa ma'aikatan zuciya. Sai da na yi dariya har tari ya kama ni, sannan na ce ya jawo tabarma ya zauna.

“Sop” tsohuwar kalma ce, ta haura shekara dubu a bakin Turawan Ingila. Asalin ma'anarta gutsuren burodi da aka tsoma a romo ko madara ko ruwan inabi don ya yi laushi. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi da sassafe ya ga direba yana yagar burodi yana dulmiyawa a kofi, ya ga “sop” da idonsa. Bakano ma ya fi kowa saninsa, don bandashe ke nan: a ɗauko gurasar da ta fara bushewa, a jiƙa ta da ruwan ɗumi, a jera a faranti, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a kwarara man gyaɗa, a yanka albasa a kai. Almajiran hadisi kuwa za su tuna da tharid, gurasar da Larabawa ke jiƙawa da romon nama, wadda Manzon Allah (SAW) ya buga misali da ita da yake faɗin fifikon Nana A'isha a kan mata. Kalmar “soup” da yara ke haddacewa a matsayin miya 'yar ɗakinsu ɗaya ce da ita. Da can burodin da ake zuba wa romon shi ake kira da sunan, daga baya romon ya ƙwace. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci za su ba ni shaida, don har yau in ruwan sama ya yi wa mutum dukan tsiya Bafaranshe kan ce “trempé comme une soupe”, wato ya jiƙe kamar “soupe”. Miya dai ba ta jiƙewa, burodin ake nufi. Shi ma Baturen Ingila yana cewa “sopping wet”, daidai da namu ya jiƙe sharkaf.

To ina ruwan jiƙaƙƙen burodi da albashin ma'aikata? Nan ne kare ya shigo labarin. A tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa na zamanin jahiliyyarsu akwai wani ƙaton kare mai kai uku, Cerberus, da ke gadin ƙofar duniyar matattu. Mawaƙin nan na Rum, Virgil, wanda ya mutu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ba da labarin yadda wata bokanya ta raka jarumi Aeneas zuwa can. Da karen ya taso yana haushi da bakunan nan uku, sai ta jefa masa curin abinci da aka kwaɓa da zuma da maganin barci. Ya cafe, ya haɗiye, ya miƙe a bakin kogon ya hau minshari, suka tsallake shi suka wuce. Daga nan Turawa suka samu “a sop to Cerberus”, kuma tun ƙarni na 17 “sop” ta zama sunan duk wani ɗan abu da za a miƙa wa mai hayaniya don ya yi shiru a samu hanya.

Yaron ya ce, to ai cin hanci ke nan. Na ce a'a, kuma a kan wannan a'ar na rubuto.

Bari in ba ka misali daga jikina, don ban ga amfanin ɓoyewa ba. Bayan na yi ritaya mun bi bashin fansho na wata 14. Muka haɗu, tsofaffi fiye da yadda inuwar bishiyar da ke ƙofar ofishin za ta ɗauka, wasu da sanduna, wani da jikarsa tana riƙe masa hannu saboda idonsa ya tafi. Kwana uku muna zarya. A rana ta huɗu aka fito aka yi mana jawabi mai daɗi, aka ce an ji kokenmu, kafin magariba wayoyi suka fara ƙara: kuɗin wata ɗaya ya shigo. Kowa ya kama hanyar gida yana Alhamdulillahi, ni ma haka, har na tsaya na sayi tsire. Sauran wata 13 kuwa shiru kake ji. Wannan shi ne “sop”. Ba a karya doka ba, ba a ba mu abin da ba haƙƙinmu ba. An dai gutsuro kaɗan daga namu, an lasa mana zuma a baki, mu kuma muka kwanta a bakin kogo.

Cin hanci kuwa a wani ofishin na gamu da shi, wanda ba zan kira sunansa ba. Fayil ɗina ya yi wata biyu a kan tebur ɗaya, har na gane shi daga nesa saboda zoben da gindin kofin shayi ya bari a bangonsa. Wani yaro da bai wuce sa'ar ɗana na uku ba ya ja ni gefe ya ce, “Baba, takardarka tana nan lafiya, amma ka san ƙasa ta bushe.” Na gane. A Turancinmu na Najeriya ai cewa ake “wet the ground”. Na tsaya ina dubansa, ina tuna sau nawa na tsaya gaban aji ina yi wa irinsa wa'azin gaskiya. Sannan na sa hannu a aljihu na ba shi jaka biyar. Kafin azahar fayil ya tashi. Ban yi alfahari da wannan ba, kuma Hajiya ba ta sani ba sai in ta karanta a nan.

Tun da na ambaci jaka, ga wata 'yar ratse. Yaran yanzu ba su san dalilin da ya sa naira 200 ta zama jaka ɗaya ba. Fam 100 ce jaka a zamanin Turawa, da aka sauya kuɗi a 1973 fam ɗaya ta zama naira biyu. Kuma ina roƙon masu gyaran rubutunku su riƙa kula da ƙugiya, don a labarin nan kaɗai akwai jika, akwai jaka, akwai jiƙa, kuma na sha ganin an rubuta cewa an jika wake alhali wake ba shi da kaka.

Ita kanta “bribe”, kalmar da kowa ya sani, daga burodi ta fito. A tsohon Faransanci ma'anarta gutsuren burodin da ake ba mabaraci, irin wanda almajiri ke samu a ƙoƙonsa. Da ta ƙetara Ingila a ƙarni na 14 sai ta koma nufin sata da ƙwace, “briber” a lokacin ɓarawo ne ko ɗan iskan gari. Sai a ƙarni na 16 ta juya ta zama abin da ake ba mai riƙe da muƙami don ya karkata. Ka duba tafiyar: daga sadaka zuwa sata, daga sata zuwa abin da alƙali ke karɓa. Faransawa su sun bar kalmar a inda take, har yau “bribes” a wurinsu gutsattsari ne, cin hanci kuwa “pot-de-vin” suke ce masa, tulun giya. Tukwicin da ake ba mai hidima kuma “pourboire”, wanda in ka warware shi na sha ne, wato na shan ruwan nan namu.

Wadda na fi so a cikinsu ita ce “slush fund”. A zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska, abincin matuƙa naman da aka adana da gishiri ne a cikin ganguna. Kuku ya tafasa shi, kitse ya taso ya yi kumfa a sama, ya kwashe ya tara. Wannan dagwalon kitsen shi ne “slush”. Wani a shafa wa itatuwan jirgi, saura in an iso tashar ruwa a sayar wa masu yin kyandir da sabulu, kuɗin kuma a ajiye gefe, ba ya shiga babban littafin lissafi, a riƙa sayen 'yan abubuwan marmari da shi. Ina kaiwa nan jikana ya buga tsalle ya ce, “Ka ga sabulun ya dawo!” Na ba shi wannan. Daga kitsen kuku kalmar ta hau tudu ta shiga siyasar Amurka, ta zama sunan asusun ɓoye da ake sayen mutane da shi. A 1972 da aka kama waɗanda suka fasa ofishin jam'iyyar Democrat a ginin Watergate da ke Washington, bin sawun kuɗi ne ya kai masu bincike ga irin wannan asusu na kwamitin yaƙin neman zaɓen Shugaba Nixon. An kuma biya waɗanda aka kama kuɗi don kada su yi magana, abin da Turawa ke kira “hush money”, wanda Bahaushe ya riga ya raɗa wa suna mafi kyau, toshiyar baki. A watan Agusta na 1974 Nixon ya sauka daga mulki.

Maiƙo ma ba a bar shi a baya ba. “Grease someone's palm” shafa wa tafin hannun mutum mai ne, yadda ake yi wa sarƙar keke in ta fara kuka. Kada a ɗauka zancen 'yan tasha ne kawai. Dokar da Amurka ta yi a 1977 ta hana kamfanoninta ba jami'an ƙasashen waje cin hanci ta bar wata 'yar kafa: ƙananan kuɗin da ake ba ma'aikaci don ya hanzarta aikin da dama wajibinsa ne, kamar buga hatimi ko sakin kaya. Lauyoyinsu da bakinsu “grease payments” suke kiran wannan. Wato jaka biyar ɗina, da wani kamfanin Amurka ne ya bayar, mai yiwuwa dokar can ta kau da kai. Dokar Birtaniya ta 2010 ita ba ta bar wannan kafar ba.

Manyan kuwa ba sa cewa maiƙo, sun fi haka wayo. A shari'ar kwangilar gina masana'antar iskar gas ta tsibirin Bonny, inda aka tabbatar a kotunan Amurka cewa gamayyar kamfanoni huɗu na waje ta ware kimanin dala miliyan 180 don jami'an Najeriya tsakanin 1995 da 2004, kuɗin a takarda ladan masu ba da shawara ne. Waɗanda suka zauna suka tsara rabon kuma sun kira kansu “cultural committee”, kwamitin al'adu. A 2009 KBR, ɗaya daga cikin kamfanonin huɗu, da kamfanin Halliburton da ya taɓa mallakarsa, suka amince su biya hukumomin Amurka dala miliyan 579. Duk lokacin da na tuna da kwamitin al'adun nan sai in ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro, don abin da suke nufi shi ne al'adarmu ce.

Sauran kalmomin jiƙon zan bi ta kansu da sauri, don ɗalibai. “Soak” jiƙawa ce, kamar yadda ɗan makarantar kwana ke yi wa garin kwaki, amma a bakin Ba'amurke tana nufin tsawwala wa mutum kuɗi. Harajin da Shugaba Roosevelt ya ƙaƙaba wa attajirai a 1935 laƙabinsa “soak the rich”. Mashayin da ya tsufa a kwalba kuma “old soak”, wato ya tsimu. “Steep” tsima ganyen shayi ne ko sassaƙe, amma in an ce farashi ya yi “steep” wata kalmar ce daban mai nufin tsayin gangare, kuma na ga ɗalibai da yawa sun faɗi a wannan ramin. “Drench” yau jiƙewa ce da ruwan sama, asalinta kuwa shayarwa, shi ya sa har gobe malamin dabbobi in zai yi wa saniya ɗuren maganin tsutsa da ita yake amfani. “Dip” tsomawa ce, a bakin 'yan sandan Ingila na da kuma ɗan sane ne, mai tsoma yatsu a aljihun mutane. “Sponge” soso ne, kuma sunan mutumin da ke tsotsar na wasu bai kawo komai ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, da na koma kan rashawa sai na tarar ita ma tana da ruwa a gindinta. Malaman lugga na Larabci sun danganta rishwa da rishā', igiyar guga, abin da ake zurawa a rijiya don a kai ga ruwan da hannu ba ya isa. Mu kuma namu duk na baki ne: cin hanci, goro, na shan ruwa, a jiƙa maƙoshi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙ, da yake lissafa zaluncin sarakunan Haɓe, ya kama wasu da sunansu na Hausa, har da jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Kenan sakaya abin da suna mai daɗi ya girmi Najeriya, kuma bai tsaya a kan baƙar fata ba. Na faɗi haka ne saboda na gaji da jin 'yan boko suna cewa mu kaɗai ne muka mai da cin hanci abin wasa har muna kiransa goro. Wanda ya ce haka bai buɗe ƙamus ɗin Bature da kyau ba.

Yanzu ga ƙorafin, Malam Edita. Kusan duk labarin da ya shafi kuɗin da ba su bi hanya ba, in ya fito a Hausa, da “cin hanci da rashawa” ake rufe shi, kamar bargo ɗaya da ake lulluɓa wa mai zazzaɓi da mai karaya. Jami'in da ya kwashe kuɗin gina asibiti, cin hanci da rashawa. Ɗan kwangilar da ya mayar wa wanda ya ba shi aiki kashi goma, cin hanci da rashawa. Direban Gusau zuwa Funtuwa da aka tare a shinge aka riƙe masa takardu har ya miƙa jaka guda, shi ma haka. Alhali na farko sama da faɗi ya yi, ko wawura. Na biyu, wanda Bature ke kira “kickback”, kashe-mu-raba ne. Na uku kuwa tatsarsa aka yi, kuma malamai da yawa sun bambanta wanda ya bayar don ya ci haƙƙin wani da wanda aka matse sai ya bayar kafin ya samu nasa, duk da tsinuwar da ta zo a hadisi a kan mai bayarwa da mai karɓa. In kuka haɗa su a kalma ɗaya, mai karatu ba ya gane wa ya matsi wa, kuma ɓarawon biliyan yana samun inuwa a bayan direba. Dokar da ta kafa ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, a 2000 ma, kalmar da ta fi amfani da ita “gratification” ce, mai faɗi ƙwarai, don ta kama kyauta da alfarma da alkawarin muƙami, ba tsabar kuɗi kaɗai ba. Mai fassara ya kamata ya duba wanne ake tuhumar mutum da shi kafin ya rubuta.

Akwai kuma “halatta kuɗin haram” da ake fassara “money laundering” da shi. Ban taɓa sonsa ba. Haram ba ya halatta don an zagaya da shi banki bakwai. Bature wanki ya ce, kuma abin da ake yi ke nan, a wanke kuɗi a ɓad da sawunsu. Ku ce wanke kuɗin sata, kowace tsohuwa a ƙauye za ta gane.

“Sop” ce dai ta fi wuya, don ba laifi ba ce a gaban kotu, kuma ita ce muka fi sha. Buhun shinkafar da ake rabawa bayan an ƙara kuɗin mai, kwamitin da ake kafawa washegarin zanga-zanga, muƙamin mai ba da shawara da ake ba ɗan takarar da aka murɗe wa zaɓen fid da gwani, duk ita ce. In wakilinku ya ci karo da ita kada ya ce cin hanci, kada kuma ya ce tallafi, don tallafi yabo ne. Ya ce rarrashi, ko lasa zuma a baki, ko ya faɗa a sarari cewa an ba su ɗan abin da zai sa su yi shiru. Wanda ya karɓa ya san sauran zancen, tun da kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin da aka nema a wurinmu ranar nan a ƙofar ofishi shi ne mu tafi gida.

Jikan nawa ne ya buga mini wannan wasiƙa a wayarsa, don yatsuna ba sa jituwa da gilashin nan. Da muka zo ƙarshe ya miƙo hannu ya ce a ba shi na data, naira 500, in ba haka ba wasiƙa ba za ta tashi ba, wai waya ta bushe. Na ce masa wannan ladan aiki ne, kada ya kuskura ya sa shi a layin waɗancan. Ya ce to in ladan aiki ne a mai da shi dubu. Mun daidaita a kan 700 da farantin bandashe.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Tsohon malamin Turanci,
Zariya